Yadda zaka hana battar katako ɓata maka ɗanɗanon taba gari

Kawuna ya fi shekara talatin yana shaƙar taba gari, kuma tunda na buɗi ido batta ɗaya na sanshi da ita, irin ta fata ɗinnan da masu tandu ke yi, ta sha hannu har ta koma baƙa tana sheƙi. Toh ni da neman suna sai nace bari in masa bajinta, na samu wani kafinta na kwatanta masa 'yar batta ta katako daidai tafin hannu mai murfin da ake zugewa, ya yi ta kuwa tayi kyau wallahi, ja jawur, ya labta mata folish tana ta ɗaukar ido. Na kaiwa Kawu yayi ta saka albarka, a gabana ya juye tabarsa aciki. Bayan kwana biyu na koma gaishe shi, ko gama zama banyi ba ya miƙo min ita yace "kai ɗan nan, abin nan naka da madaci aka yi shi ko? Tabar tawa duk ta koma maganin ciwon ciki." Nace "haba Kawu, sabunta ce kawai, zata daina." Yace "to shinshina kaji." Na kai hanci, gaskiyarsa ce, ƙamshin taba ya gudu, abinda ya rage warin tina ne, ruwan nan da ake tsinka fenti dashi, da wani ɗaci-ɗaci da kake ji har maƙogwaro. Tabar sati guda ya zubar ranar, kuma har yau in muka haɗu sai ya tsokane ni da maganar.

Daga nan ne na shiga bin diddigin abin, kuma abinda na fahimta shine yawancinmu muna ɗaukar katako kamar kwalba ko gwangwani, wato abu ne kawai da ake zuba kaya a rufe. Ba haka bane. Icce ko ya shekara goma da sarewa yana nan da 'yan ƙofofinsa da ruwa ke bi lokacin da yake tsaye, yana shan danshi yana fitarwa, yana shan wari yana fitarwa. Ita kuma taba gari an niƙe ta tayi laushi sosai, duk abinda ke kusa da ita sai ta kwasa, ka ajiye ta kusa da sabulu ma kwana ɗaya zakaji sabulu a hancinka. Kaga an haɗa masu kwaɗayi biyu kenan a ɗaki ɗaya, katakon yana tsotse danshi da ƙamshin tabar, tabar tana kwasar warin katakon da na duk abinda aka shafa masa.

Kafin inyi nisa, ba talla nake wa taba ba fa, ta hanci ce ko ta baki duk tana da nikotin mai kama mutum, kuma likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa tabar da ba a kunnawa itama tana kawo kansa, ta baki musamman. Wanda bai fara ba kar ya fara. Maganar tawa da manya nake waɗanda dama suna yi, ko irina da ke hidima da dattijon da ba zaka iya raba shi da ita ba.

Ita battar katako asalinta ba tamu bace sosai, mu fata muka sani da ƙaho da ɗan duma, daga baya gwangwani da roba suka shigo. Turawa ne suka ƙware a ta katako, musamman mutanen Sikotland. Akwai wani James Sandy na garin Alyth, mutum ne da lalura ta kwantar dashi shekara da shekaru, ya rasu a 1819, shi ake jinginawa wani irin hinji na katako da yake ɓuya ajikin battar har murfin ya zauna daram iska bata shiga. Charles Stiven na garin Laurencekirk yayi suna da irin waɗannan battoci, daga baya garin Mauchline ya karɓe sana'ar. Abin lura anan abu biyu ne. Iccen da sukafi amfani dashi shine sikamo, farin katako ne mara wari wanda dama dashi suke yin kayan kicin da kayan madara saboda baya sa wa abinci ɗanɗano. Kuma duk da haka basu yarda dashi tsirara ba, sai sun shimfiɗa siririn fallen kuza aciki. Mutanen da aikinsu kenan tun kaka da kakanni basu bari taba ta taɓa katako kai tsaye ba, mu kuma sai mu zuba a ɗanyen madaci mai folish muna jiran ƙamshi. Su kuwa 'yan China a zamanin daular Qing ma kauce wa akwati sukayi gaba ɗaya, 'yar kwalba suke amfani da ita mai ƙaramin cokali ajikin murfi, saboda danshin ƙasarsu.

Toh abu na farko, kar ka fara wani gyara sai ka gano daga ina warin yake fitowa, don maganin kowanne daban. Juye tabar, ka kaɗe battar sosai, ka samu kwalba mai faɗin baki wadda aka wanke ta bushe bata warin komai, ka saka battar aciki a buɗe ka murɗe murfin kwalbar ka barta ta kwana. Da safe kafin ka sha shayi ko ka shafa turare ka buɗe ka kai hanci. In kaji wari mai kaifi kamar shagon masu fenti, toh folish ne ko banish ko gam. In kaji kamar tsohon mai da ya daɗe a kasko, an shafa mata man gyaɗa ko wani mai ya lalace aciki. In kaji kamar ɗakin da aka rufe duk damina, fumfuna ce. In kuma ƙamshi ne irin na turare ko ƙaro ko fensir da aka fiƙe, wannan iccen ne da kansa, kuma shi yafi wuyar sha'ani don ba a saman yake ba, a jininsa yake.

Akwai wani gwajin da nake so sosai don shi ya buɗe min ido. Jiƙa 'yar kanwa a cokali, ka ɗiga ɗigo ɗaya a wani lungu acikin battar inda babu folish, ka jira minti kaɗan. In wurin ya koma ruwan ƙasa mai duhu ko ya fara fidda launi kamar shayi, iccen yana da sinadarin nan mai ɗaure harshe da yawa, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema ke jeme fata dashi. Kanwa tana jawo shi waje. Kuma tabarmu ai da kanwa ake haɗa ta, itace ke tada mata ƙarfi, har tumbak, tabar da 'yan Sudan ke sawa a baki, ma da irin wannan kanwar ake kwaɓa shi. Ma'ana duk sanda ka zuba taba mai ɗan danshi a irin wannan katako, gwajin nan kake maimaitawa dare da rana, kuma ruwan shayin nan acikin tabarka yake ƙarewa. Shiyasa wani zai ce maka shi battarsa lafiya lau, wataƙila tabarsa busasshiya ce ƙarau irin ta Ingila, kai kuma taka mai laima ce mai kanwa, ba ɗaya bane.

In har yanzu baka saya ba, ko kafinta zaka ba aiki, toh nan ne zaka huta da rabin wahalar. Madaci dai sunansa ya gama faɗa maka komai. Dogon yaro shima a barshi, ɗan gidansu ɗaya ne da madaci a dangin itatuwa, haka iccen sida da ake yin akwatin sigari dashi a ƙasashen waje, shima danginsu ne, can da gangan ake so ƙamshinsa ya shiga sigarin, amma a taba gari danne komai yake yi. Maje da hano masu ƙaro ne, ƙamshinsu yana da daɗi a kaskon turare amma ba a batta ba. Bishiyar turare ko ba a faɗa ba. Katakon tik yana da maiƙo ajikinsa da wani wari kamar na fata. Farin katakon nan na akwatunan kaya da ake shigowa dasu yawanci iccen fayin ne, yana da ƙaro, kuma baka san me aka ɗauko akansa ba. Filawud da allon garin katako da aka matse kuwa rabinsu gam ne, kar ma ka fara. Sannan dan Allah ka tambayi kafintan ko an yiwa katakon maganin gara, don da yawa ana shafe katako da maganin ƙwari ko baƙin mai tun a kasuwa, wanda duk aka yiwa haka ba abin kaiwa hanci bane ko an kankare shi, babu wani gyara, jefarwa ne.

Wanda zaka nema shine icce mai tauri, mai matsattsen jiki, mara wari, wanda ya bushe sosai ba na bana ba. Hanya mafi sauƙi ka tambayi masassaƙa da wane icce suke yin muciya da akushi a yankinku, abinda bai ɓata tuwo ba da wuya ya ɓata taba. Aduwa da ake sassaƙa allo da ita jikinta a matse yake, kanya ma haka. Amma kar ka tsaya a suna, don icce ɗaya ma ɓangaren zuciyarsa da na bayansa ba ɗaya bane, ka karɓi guntu ka kankaro ɗan garinsa ka zuba a kwalba da ɗigon ruwan ɗumi ka rufe ya kwana, kayi masa gwajin kanwar nan shima. Kuma ka ja kunnen kafintan da kyau: waje yayi mata duk adon da yaga dama, ciki kar ya shafa komai, ko da yace maka "yallaɓai ai ɗan sila ne kawai zai ƙara mata kyau". In da hali ma a fafe ta daga dunƙulen katako ɗaya maimakon a haɗa falle-falle da gam, in kuma dole sai an sa gam, farin gam ɗin kafintoci kaɗan, a goge wanda ya tsattso ta ciki tun yana ɗanye, banda mai warin nan da ake liƙa takalmi dashi.

Yanzu ga wanda battar tana hannunsa. In folish ne aciki, sanfefa zaka nema, ka fara da lamba 220 ka ƙare da 400, ka naɗa ta a ɗan tsinke ko bayan fensir don ka kai lunguna, ka ringa bin tsawon jijiyar katakon ba a karkace ba, har sai sheƙin ya tafi ka ga ainihin icce. A kula da bakin battar da inda murfi ke zama, in ka cinye wurin da sanfefa murfin zai yi lako-lako iska ta ringa shiga, garin gyaran gira ka rasa ido. Ka hure ƙurar, ka bi da sabon buroshin haƙori wanda bai taɓa ganin makilin ba, sannan ka goge da tsumma mai tsabta da ka ɗan jiƙa ka matse sosai. Banda jiƙawa a ruwa, banda omo, banda sabulu. Ruwa zai kumbura ta murfin ya ƙi shiga, in ta bushe ta tsage, sabulu kuma ƙamshinsa zai shige ciki ka koma shaƙar wanki. Sifirit na kemis ma ni bana so, wani ana zuba masa abu mai ɗaci don kar a sha, shi sifirit ɗin ya tashi ya bar maka ɗacin a katako.

Bayan nan sai shan iska, kuma anan mutane ke gazawa don abu ne na haƙuri. Ka buɗe ta ka ajiye a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da kicin da janareto da inda uwargida ke turara kaya, sati ɗaya zuwa biyu. Kar ka shanya ta a tsakiyar rana, ranar Maris zata murɗe maka murfin cikin yini guda. In ta sha iska sai ka samu gawayi mai kyau wanda ya ƙone sosai, ba wanda aka yayyafawa kananzir ba, ka farfasa shi ƙanana kamar wake, ka ƙulle a ɗan ƙyalle mai shara-shara ka cusa aciki ka rufe, bayan kwana uku ka canza sabo, kayi haka sau biyu ko uku. Wasu suna sa bekin soda, itama tana aiki, amma a ɗan murfin kwalba zaka zuba ka ajiye aciki, kar ka barbaɗa ta akan katakon don 'yar uwar kanwa ce zata iya baƙanta shi. Masu cewa a sa garin kofi ko kanumfari ko ɓawon lemo, wannan ba cire wari bane, rufe wari ne da wani warin, in kana so tabarka ta ringa ƙamshin kanumfari har abada toh bismillah.

Sai kuma abinda ni nake kira horar da batta, kamar dai yadda ake yiwa sabuwar tukunyar ƙasa, ai ba a fara dafa miyar baƙi aciki. Ka sayo taba mai araha mara turare, ko ragowar wadda ta sha iska ta zama lami, ka cika battar taf har baki ka danna da yatsa ta taɓa ko'ina har cikin murfin, ka rufe ka saka a kwalba ko leda ka manta da ita kwana huɗu ko biyar. Ka zubar da wannan, kar ka shaƙa kuma kar ka baiwa kowa, ka kaɗe ka sake cikawa da wata. Abinda ke faruwa shine tabar tana kwashe warin da ke saman katakon, katakon kuma yana shan man taba yana ƙoshi, toh in ya ƙoshi bazai ƙara tsotse maka mai kyau ba. A zagaye na uku ka ɗebi kaɗan ka kwatanta da wadda ke cikin kwalbarka, in hancinka bai iya bambancewa ba an gama. In kuwa an kai zagaye na biyar har yanzu icce kake ji, ka daina asarar taba, wannan katakon bazai horu ba, sai dai a toshe shi ko a yi masa 'yar ciki.

Toshewa da kakin zuma nake yi, kuma bari in ɗan tsaya akansa don nan ne aikin yake. Kakin da zaka samu wajen masu zuma yawanci yana zuwa da warin hayaƙi tunda da wuta ake cire zumar, ga datti ga ragowar zuma, in ka shafa shi haka ka ƙara wa kanka matsala. Ka zuba shi a tsohuwar tukunya da ruwa ka ɗora a wuta kaɗan har ya narke, ka tace da ƙyalle, ka barshi ya huce zakaga ya taso sama ya daskare kamar faifai, ka ɗago shi ka kankare dattin da ke ƙasansa, ka maimaita sau biyu har ya zama rawaya mai tsabta ƙamshinsa ya ragu. Ranar aikin ka gutsuro kamar girman goro ka saka a ɗan gwangwani mai tsabta, ka ajiye gwangwanin acikin ruwan zafi, kar ka ɗora kaki kai tsaye akan wuta don yana kamawa. Ita battar ka ɗan ɗumama ta tukuna, ko da na'urar busar da gashi ko ka ajiye ta kusa da murhu na ɗan lokaci, don in tana da sanyi kakin daskarewa zai yi a sama bai shiga ba. Ka ɗangwalo da ɗan ƙyalle ka shafa siriri, lungu-lungu musamman, da ɓangaren da aka yanke katakon a kwance don nan ne yafi sha, ka ƙara ɗumamawa kaga kakin yana nutsewa katakon yana canza launi, sai ka goge duk wanda ya rage tun da ɗumi ka murza da busasshen ƙyalle har yatsanka ya daina kamawa. In ka bar shi da kauri taba zata manne tayi dunƙule-dunƙule. Ka barta a buɗe kwana biyu, sannan kayi mata horon nan sau ɗaya.

Kaki dai ba siminti bane, rage shigar danshi da fitar wari yake yi, bai hanawa ɗari bisa ɗari. Kuma yana narkewa wajen digiri 62 zuwa 64, tun kafin ya kai nan ma ya fara laushi, don haka battar da aka yiwa kaki ba a barinta a gaban mota ko aljihun babur a rana. Kyandir kuma ba madadinsa bane, da yawa akwai turare da launi aciki.

Abinda zan roƙe ka kar ka shafa shine mai, kowane iri. Man gyaɗa, man ja, man zaitun, man shanu, man kaɗe, duk ranar farko katakon zaiyi kyau kace ka gama, bayan wata biyu a zafin nan namu man ya lalace acikin jijiyar icce, kuma sanfefa bata kai can, gyaran gangar Auzinawa kenan. Man linsid da ake saidawa a shagon fenti shima yana da warinsa mai naci, kuma irin wanda aka haɗa don saurin bushewa akwai sinadaran ƙarfe aciki. Shalak kuma, wani irin banish wanda masu gyaran kayan katako a Turai ke yabawa wajen toshe wari, yana da kyau ga busasshiyar taba mara kanwa, amma abu mai kanwa da laima yana cin sa, zai yi laushi ya ringa narkewa acikin tabar.

In iccen mai wari ne sosai kuma kana son battar don kyanta ko don wani ne ya baka, toh hanya mafi inganci kayi irin ta mutanen Sikotland, ka raba taba da katako kwata-kwata. Amma banda foyil ɗin kicin, na alminiyam ne, kanwa mai danshi tana cin alminiyam, zakaga yayi huji-huji da baƙi-baƙi cikin 'yan kwanaki. Tagulla ma tsatsar nan koriya take yi. Abinda yafi shine ɗan ƙaramin mazubi na gilashi ko na ƙarfen nan da baya tsatsa irin na cokula, ko roba mai tauri ta abinci, mai murfinsa, ya zauna acikin battar. In sabuwa za'a yi ma ka fara samo mazubin ka kaiwa kafinta ya fafe katakon daidai dashi, yafi sauƙi akan a gama batta azo ana neman abinda zai shiga. Gwangwanin man zafi da mutane ke wankewa suna zuba taba, in dai ba tabar mai mentol kake sha ba ka haƙura dashi, warin nan baya fita.

Wanda kuma ya tsinci tsohuwar battar Turawa irin ta gwanjo ko ta gado, yaga wani falle mai toka-toka a shimfiɗe aciki yana ɓarewa, ya ajiye ta ado kawai. Ba duka ne kuza zalla ba, a da ana haɗa irin wannan falle da dalma, kuma mu da muka ga abinda gubar dalma tayi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an mana dogon bayani ba.

Duk wannan aikin zai tashi a banza in ka maida battar rumbu. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro ta ba don ajiya suka yi ta ba, ta aljihu ce, ta yini guda. Babbar tabarka ta zauna a kwalba mai murfin murɗawa a wuri mai sanyi da duhu, kullum da safe ka ɗebi wadda zata isheka zuwa dare, da cokali busasshe ba da yatsa ba. Awa goma ko sha biyu basu isa katako mai horo ya canza mata ɗanɗano ba, sati biyu kuwa ko wane irin icce ne sai kaji shi. In dare yayi abinda ya rage kar ka maida shi cikin kwalba, zai ɓata maka sauran, ka kaɗe battar ka bi ta da buroshin nan ka barta. Kuma batta ɗaya taba ɗaya, in ka taɓa zuba mai mentol ko mai turare aciki toh ta zama tata har illa masha Allah, kaki ma riƙe ƙamshi yake. Aljihun da kake sakata shima ka duba, in tare take kwana da kwalbar turare ko goro ko alewa mai minti ko kuɗin da suka zaga kasuwar kifi, kar kazo kana zagin kafinta.

Lokaci ma yana da tasiri. Da hunturu katako ƙishi yake ji, cikin awa kaɗan zai busar maka da taba ta koma ƙura mai sa atishawa, toh ka rage yawan da kake zubawa, kuma kar kace zaka ɗiga ruwa acikin battar don ta dawo, a kwalba ake gyara danshin taba ba a katako ba. Da damina kuma murfi zai kumbura ya ringa cijewa, ka ɗan goga masa busasshen kaki a gefe maimakon ka kankare shi, don in ka kankare da rani zai yi maka yawa. Fumfuna ma lokacinta kenan, in kaga fari-fari kamar auduga ko kore a lungu, tabar ciki ta tafi bola, battar a kankare a shanya ta a inuwa ta bushe ƙarau, in warin ya dawo bayan gwajin kwalba a rabu da ita, hanci ba wurin gwaji bane.

Ta Kawu ta farkon nan na kankare ta, na bata gawayi, na horar da ita har sau biyar, ɗacin ya ragu amma bai tafi ba, yanzu tana ɗakin matarsa tana zuba allura da maɓallai. Na sake sa aka fafe masa wata da aduwa, babu folish aciki, nayi mata kaki da hannuna. Ya shinshina ya juya ta ya sake shinshinawa yace "to wannan da dama-dama." Ranar Juma'a da ranar ɗaurin aure yake fita da ita don mutane su gani su tambaya, sauran ranaku kuwa tsohuwar battarsa ta fata ce a aljihu.